Gandun Dajin Kilimanjaro

Gandun Dajin Kilimanjaro wuri ne da gwamnatin Tanzaniya ta keɓe a arewa maso gabashin ƙasar, dab da iyakar Kenya, domin kare Dutsen Kilimanjaro da kurmin da ya kewaye shi. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,688 ne. A cikinsa ƙololuwar Uhuru take, wadda ita ce wuri mafi tsayi a nahiyar Afirka, mita 5,895 daga saman teku. Hukumar kula da gandun dazuzzukan ƙasar, TANAPA, ke gudanar da shi, kuma babban ofishinsa yana Marangu, gabas da garin Moshi. A shekarar 1987 UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren gado na duniya.

Dubun dubatar mutane ne ke zuwa hawan dutsen a kowace shekara, yawancinsu masu hutu ne da ba su taɓa hawan babban dutse ba. Abin da ke jawo su shi ne ana iya kaiwa ƙololuwa da ƙafa kawai, ba igiya, ba gatarin sarar ƙanƙara. Wannan sauƙi ne kuma ke ruɗin mutane. Da yawa daga cikin masu hawa suna juyowa kafin su kai, kuma ana rasa rayuka a kan dutsen. Galibi ƙarancin iskar shaƙa ne ke kayar da su, musamman waɗanda suka zaɓi gajeriyar tafiya don rage kuɗi.

Suna

Masana harshe ba su yi ittifaƙi a kan asalin sunan ba. Kashin farko, kilima, kalmar Swahili ce. A harshen ana kiran dutse mlima, idan aka sa ɗafa-goshin ki- sai ma'anar ta koma ƙaramin dutse ko tudu, abin da bai dace da dutse mafi tsayi a nahiya ba. Kashi na biyu, njaro, shi ne wurin gardama. Wasu sun ce yana nufin haske ko fari, saboda ƙanƙarar da ke saman dutsen. Wasu sun danganta shi da kalmar Chagga da ke nufin ayari, domin fataken da ke tasowa daga gaɓar teku suna hango shi su daidaita hanya. Akwai kuma masu kai shi ga kalmar Masai ta ruwa.

Mutanen Chagga da ke zaune a gindinsa sun fi ambaton kawunan dutsen ɗaya bayan ɗaya, Kibo da Mawenzi, maimakon dutsen a dunƙule. Uhuru kuwa a Swahili na nufin 'yanci, kuma tushenta Larabci ne. Haka kalmar safari da ake gani a allon kowane kamfanin yawon buɗe ido a Moshi: daga Larabci ta fito, tushe ɗaya da safara ta Hausa.

Tarihi

Chagga sun daɗe suna noma a gangaren kudu da gabas. Suna shuka ayaba da doya da wake a gona ɗaya ƙarƙashin inuwar manyan bishiyoyi, daga baya suka ƙara da kofi, kuma suna janyo ruwa daga kurmi zuwa gonaki ta ƙananan magudanai da suka haƙa da hannu.

Baturen farko da ya ba da labarin dutsen shi ne Johannes Rebmann, ɗan mishan Bajamushe, wanda ya hango shi a watan Mayun 1848. Da ya rubuta cewa ya ga dusar ƙanƙara a wurin da bai fi digiri uku daga layin ikwaita ba, wasu masana labarin ƙasa a Ingila, cikinsu har da William Desborough Cooley, suka ƙaryata shi. Sai da wasu matafiya suka je suka gani da idonsu kafin gardamar ta mutu. Ranar 6 ga Oktoba 1889 Hans Meyer, masanin labarin ƙasa daga Jamus, da Ludwig Purtscheller ɗan ƙasar Ostiriya suka kai ƙololuwar Kibo, bayan Meyer ya gwada sau biyu a baya bai yi nasara ba. Ya raɗa wa wurin sunan Sarkin Jamus Wilhelm. Mutanen yankin ne suka ɗauki kayan ayarin suka kafa masa zango-zango, sai dai littattafai sun fi riƙe sunayen Turawan biyu.

Akwai labarin da ake yawan ba baƙi, wai Sarauniya Biktoriya ce ta ba jikanta Wilhelm dutsen kyauta, shi ya sa iyakar Kenya da Tanzaniya ta lanƙwashe a wurin. Labarin ba shi da tushe. Yarjejeniyoyin Ingila da Jamus na 1886 da 1890 ne suka shata iyakar.

A 1921 aka mayar da kurmin dutsen dajin gwamnati. Lokacin da Tanganyika ta sami 'yancin kai ranar 9 ga Disamba 1961, wani hafsan soja, Alexander Nyirenda, ya kai tocilar 'yanci da tutar ƙasa saman dutsen, daga baya aka sauya sunan ƙololuwar zuwa Uhuru. An kafa gandun dajin a 1973, aka buɗe shi ga baƙi a 1977. Da farko ɓangaren da ke sama da kurmi kawai ya ƙunsa, sai a 2005 aka faɗaɗa shi ya haɗa da kurmin duka.

Siffar dutsen

Kilimanjaro dutse ne mai aman wuta da ke da kawuna uku. Shira, a yamma, shi ne mafi tsufa. Ya rufta tuntuni, abin da ya rage faffaɗan fili ne a tudu, wanda bakinsa ya kai kusan mita 4,000. Mawenzi, a gabas, mita 5,149 ne, kansa duk tsaga da ƙayoyin dutse, ba ya hawuwa sai ga ƙwararru masu igiya. Kibo ne a tsakiya, mafi tsayi kuma mafi ƙuruciya. Shira da Mawenzi sun mutu, amma Kibo barci yake yi: har yanzu tururi mai warin farar wuta na fita a cikin ramin da ke samansa. Dutsen ba ya cikin jerin wasu duwatsu. Shi kaɗai ya taso daga fili, ya yi sama da kusan mita 4,900 daga gindinsa, shi ya sa ake hango shi daga nesa ƙwarai. Shahararrun hotunan giwaye da dutsen a bayansu, yawanci a gandun Amboseli na Kenya ake ɗaukarsu.

Mai hawa yana ratsa yanayi iri biyar cikin 'yan kwanaki. Daga gindi zuwa kimanin mita 1,800 gonakin Chagga ne, kuma ana wuce su a mota. Daga nan zuwa kusan mita 2,800 kurmi ne mai duhu da laima, gansakuka ta lulluɓe rassan bishiyoyi, hanya kuma sau da yawa taɓo ce. A nan ake ganin birai masu baƙi da fari da doguwar jela, da wasu masu launin toka. Akwai giwaye da ɓauna da damisa da gada a cikin dajin, musamman ta yamma da arewa, amma da wuya mai bin hanyar hawa ya yi ido biyu da su. Wanda dabbobi ne suka kai shi Tanzaniya, gara ya nufi Serengeti ko Tarangire.

Sama da kurmi bishiyoyi kan gajarce su koma tsirrai masu ƙananan ganye da ciyawa, har zuwa wajen mita 4,000. A wannan mataki ake samun tsiron da ya fi fitowa a hotunan dutsen, Dendrosenecio kilimanjari, mai kauri kamar kututturen giginya da tulin ganye a ka. Busassun ganyensa ba sa faɗuwa, suna manne a jikin kututturen su zame masa bargo. Wani tsiron, Lobelia deckenii, yana naɗe ganyensa da dare ya buɗe da safe. Duka biyun dabarun tsira ne a wurin da rana ke ƙuna da azahar, raɓa kuma ta daskare kafin asuba. Daga mita 4,000 zuwa 5,000 hamada ce ta tsakuwa da ƙura, sai hankaki masu farin wuya da ke shawagi a kan zango suna neman abin da ya faɗi. Abin da ya rage sama da haka dutse ne da ƙanƙara. A 1926 wani ɗan mishan, Richard Reusch, ya tarar da busasshiyar gawar damisa a bakin ramin Kibo, kuma Ernest Hemingway ya ambaci wannan damisa a farkon wani gajeren labarinsa na 1936.

Hanyoyin hawa

Tun 1991 doka ta hana kowa hawa shi kaɗai. Dole a bi ta kamfani mai lasisi, tare da ɗan jagora, kuma ba a barin yaro ɗan ƙasa da shekara 10 ya nufi ƙololuwa. Zaɓen hanya da adadin kwanaki shi ne shawara mafi nauyi a duk tafiyar.

Marangu ce hanya mafi daɗewa, ta kudu maso gabas, kuma ita kaɗai ke da ɗakunan kwana maimakon tanti. Ana kwana a Mandara, kimanin mita 2,700, sai Horombo a mita 3,720, sannan a ratsa busasshen filin da ke tsakanin Mawenzi da Kibo zuwa zangon Kibo, kimanin mita 4,700. Domin a gane girman abin: Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, wato mai bin Marangu ya riga ya wuce tsayinsa tun a daren farko. Ana yi wa hanyar laƙabi da Coca-Cola saboda ana ganin ta fi sauƙi, kuma gangarenta ba shi da tsanani. Amma ana sayar da ita a kwana biyar, hawa da sauka, abin da ke nufin mutum ya tashi daga ƙofar gandu ya nufi mita 5,895 a dare na uku. Jiki kaɗan ne ke jure wannan. Ƙarin kwana ɗaya a Horombo yana canza lamarin sosai.

Machame, ta kudu maso yamma, tana cin kwana shida ko bakwai a tanti. Ta fi Marangu wahalar ƙafa, amma tsarinta ya fi dacewa da jiki. A rana ta uku ana tashi daga filin Shira a hau zuwa wani ginshiƙin dutse da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana, sannan a gangaro a kwana a kwarin Barranco, ƙasa da mita 4,000. Jiki ya ɗanɗani tsayi, ya kuma sami barci a inda iska ta fi yawa. Washegari ake hawa katangar Barranco, wadda ta haura mita 250. Daga ƙasa tana ba da tsoro, amma tafiya ce da ake dafa dutse da hannu a wasu wurare, kuma 'yan dako na hawanta da kaya a ka. Abin da ya fi damun mutane a wurin shi ne cunkoso, domin hanyar siririya ce. Zangon ƙarshe shi ne Barafu, wajen mita 4,670. Sunan na nufin ƙanƙara a Swahili, amma babu ruwa a wurin, daga kwarin Karanga ake ɗauko shi a jarka.

Lemosho tana farawa daga yamma, ta ratsa kurmi mai ƙarancin jama'a da filin Shira, sannan ta haɗe da Machame. Kwana bakwai ko takwas take ci, kuma ga wanda bai saba da tsayi ba tana cikin mafi dacewa. Rongai ta arewa take zuwa, kusa da iyakar Kenya, ɓangaren da ruwan sama bai cika yawa ba, don haka ake zaɓenta idan damina ta matso. Akwai wata da ke zagaya dutsen ta arewa cikin kwana tara, ita ce mafi tsawo. Umbwe gajeriya ce mai miƙewa tsaye, ba ta masu koyo ba ce. Mweka kuwa ta sauka ce kawai. Akwai kuma mashigar yamma da ke kutsawa ta wata ɓarakar bangon Kibo, inda duwatsu suka rikito suka kashe Amurkawa uku a Janairun 2006, aka rufe ta na wani lokaci.

Ba kowa ne ke zuwa don ƙololuwa ba. Ana iya yin tafiyar yini ɗaya daga ƙofar Marangu zuwa Mandara da ƙaramin ramin Maundi da ke kusa, a dawo kafin magariba. Ga iyali masu yara ko tsofaffi, wannan ya isa a ga kurmi da birai, idan gari ya washe har a hango filayen Kenya.

Daren ƙarshe

A kusan dukkan hanyoyin, da tsakar dare ake tashi daga zangon ƙarshe. Dalilan a bayyane suke: tsakuwar gangaren tana daskarewa da dare ta fi riƙe ƙafa, sararin sama ya fi washewa da sassafe kafin gajimare su taso, kuma ana bukatar sauran yinin don sauka. Sanyi kan kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili, ruwan gora na daskarewa idan ba a cusa shi cikin riga ba. Ana tafiya a jere da tocila a goshi, awa shida ko bakwai, kafin a kai bakin ramin Kibo. Masu zuwa daga Barafu suna fitowa a Stella Point, mita 5,756, masu zuwa ta Marangu da Rongai kuma a Gilman's Point, wanda ya ɗan fi ƙasa. Daga Stella zuwa Uhuru kimanin awa ɗaya ce a kan bakin ramin, ana wuce bangayen ƙanƙara masu tsayi a hagu.

Ba a daɗewa a sama. Minti goma ko ashirin, a ɗauki hoto a gaban allo, a juyo. Masu bin Machame da Lemosho kan sauka har zangon Mweka, wajen mita 3,100, a wannan yinin, wato tafiyar awa goma sha biyu zuwa goma sha biyar gaba ɗaya. Gwiwa ta fi shan wuya a saukar. A ƙofar fita hukuma na ba da takardar shaida, kuma ta wanda ya kai Uhuru daban take da ta wanda ya tsaya a bakin rami.

Ciwon tsayi

A ƙololuwar Uhuru, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce. Jiki na iya sabawa: numfashi ya ƙaru, ƙoda ta daidaita jini, daga baya jajayen ƙwayoyin jini su yawaita. Amma sabon na bukatar kwanaki. Shawarar da likitocin wannan fanni ke bayarwa ita ce, idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Gajerun tafiye-tafiyen Kilimanjaro suna karya wannan ƙa'ida kusan kullum. Daga Mandara zuwa Horombo kaɗai mita 1,000 ne, daga Horombo zuwa Kibo wani 1,000.

Alamun farko su ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, jiri da kasa barci. Yawancin masu hawa suna jin wani abu daga cikinsu. Idan suka yi tsanani ba a ƙara hawa sai sun lafa. Masu kisa iri biyu ne. Na farko ruwa ne ke taruwa a huhu: mutum na haki ko yana zaune, yana tari, wani lokaci da kumfa mai jini. Na biyu kumburin ƙwaƙwalwa ne: tangaɗi kamar mai maye, ruɗewa, magana ba kan gado. Maganin duka biyun shi ne a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne. Iskar kwalba da magunguna suna taimakawa a hanya, amma ba sa maye gurbin sauka. Mai kumburin ƙwaƙwalwa sau da yawa yakan dage cewa lafiyarsa ƙalau, shi ya sa hukuncin ɗan jagora ke gaba da nasa.

Ƙarfin jiki ba ya kare mutum. Matasa masu motsa jiki kan faɗa cikin matsala saboda suna iya sauri, sai su yi. Karl Egloff ya hau ya sauka cikin awa 6 da minti 42 a 2014, amma ɗan tseren duwatsu ne da ya girma a Ekwado, jikinsa ya saba da tsayi tun kafin ya zo. Wasu na shan acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, don hanzarta sabon jiki, kuma wannan magana ce ta likita kafin a bar gida. Masu cutar sikila, wadda ta yawaita a Najeriya da Nijar, suna cikin haɗari na musamman, domin ƙarancin oksijin na tayar da ciwon. Ko mai AS da bai taɓa jin komai ba na iya samun toshewar jini a saifa idan ya hau irin wannan tsayi, don haka ya kamata mutum ya san rukunin jininsa, ya kuma gaya wa likita.

Kalmar da aka fi ji a bakin 'yan jagora ita ce polepole. A Swahili pole ake ce wa wanda ya gaji ko wani abu ya same shi, idan aka ninka ta sai ta koma a hankali. Daidai yadda Hausa ke da sannu da sannu-sannu. Baƙi kan ɗauka wasa ne a ranar farko, lokacin da ɗan jagora ke jan ƙafa a hanyar da ba ta da wani gangare.

'Yan dako da kuɗin tafiya

Baƙo jakar yini kawai yake ɗauka, mai ruwa da rigar sanyi. Tanti, abinci, tukunyar gas, kujeru, har da ban-ɗakin tafi-da-gidanka a wasu ayarin, 'yan dako ne ke ɗauka. Mutum ɗaya kan bukaci uku ko fiye, ban da mai dafa abinci da 'yan jagora. Suna kwance zango bayan baƙi sun tashi, su wuce su a hanya, su kafa sabo kafin su iso. Doka ta iyakance kayan kamfani ga ɗan dako a kilo 20, ban da nasa, kuma ana auna kaya a ƙofa.

Kuɗin da hukuma ke karɓa a kan kwana ake lissafa shi. A 'yan shekarun nan baƙo babba daga wajen Gabashin Afirka na biyan dala 70 a kowace rana na shiga, da ƙarin kuɗin kwana a tanti ko ɗaki, da na ceto. Waɗannan ba sa raguwa ga kowane kamfani. Saboda haka idan aka ga farashi ya faɗi ƙasa sosai, daga wuri biyu aka yanko shi: ko an rage kwanaki, ko an rage haƙƙin ma'aikata. Na farko yana ƙara yiwuwar baƙo ya juyo da ciwon kai daga mita 5,000. Na biyu shi ne ɗan dako da ke cin abinci sau ɗaya a yini, yana kwana ba jakar barci, yana taka ƙanƙara da tsohon takalmi. 'Yan dako sun sha mutuwa da sanyi a kan dutsen, kuma ciwon tsayi na kama su kamar kowa.

A 2003 aka kafa wata ƙungiya a Moshi, KPAP, wadda ke ba 'yan dako aron tufafin sanyi, tana kuma sa ido kan albashi, abinci da nauyin kaya a kamfanonin da suka amince su yi aiki da ita. Tana fitar da sunayen waɗannan kamfanoni. Tukwici a ƙarshen tafiya ya zama al'ada, kuma babban kaso ne na abin da ma'aikaci ke komawa gida da shi. An fi so a faɗi adadin a gaban kowa, ko a miƙa wa kowane mutum nasa hannu da hannu, don kada ya maƙale a wurin mutum ɗaya.

Lokacin zuwa da shiri

Yankin na da damina biyu: babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama a wajen Nuwamba. An fi hawa daga Janairu zuwa farkon Maris, da kuma daga Yuni zuwa Oktoba. Watannin Yuli zuwa Satumba sun fi cunkoso domin sun dace da hutun Turai da Amurka. Filin jirgin sama na Kilimanjaro yana tsakanin Moshi da Arusha, kuma masu tasowa daga Afirka ta Yamma galibi ta Addis Ababa ko Nairobi suke bi. Ana neman katin rigakafin cutar shawara daga masu zuwa daga ƙasashen da take, kuma 'yan Najeriya da Nijar sai sun nemi biza tun daga gida, da wuri, domin ba a ba su a filin jirgi. Tun Yunin 2019 Tanzaniya ta haramta leda, har a cikin kayan matafiya.

Tufafi hawa-hawa ake sakawa, yadda za a iya cirewa ko ƙarawa. Auduga ba ta da amfani a sama, domin idan ta jiƙe da gumi ba ta bushewa. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Ana bukatar safar hannu mai kauri, hular sanyi, tabarau mai kare ido daga hasken ƙanƙara, da jakar barci ta tsananin sanyi. Yawancin waɗannan ana samun hayarsu a Moshi. A 2022 kamfanin sadarwa na gwamnati ya kai intanet wasu zangunan hanyar Marangu.

Ƙanƙara da gobara

A 1912 ƙanƙarar saman Kibo ta rufe kimanin murabba'in kilomita 11.4. A 2011 abin da ya rage 1.76 ne, wato kusan kashi 85 cikin 100 ya tafi. Wani rahoton UNESCO na 2022 ya sanya ta cikin waɗanda ake ganin za su ɓace kafin 2050. A wannan tsayi iska ba ta cika ɗumamar da za ta narkar da ƙanƙara ba. Masu bincike sun fi danganta raguwar da bushewar yanayi: dusar da ke sauka ta ragu, rana kuma na cin bangayen ƙanƙarar, wani ɓangare ya koma tururi kai tsaye ba tare da ya zama ruwa ba.

Ruwan da garuruwan gindin dutsen ke sha da wanda ke ciyar da Kogin Pangani, mafi yawansa daga kurmi yake fitowa, inda bishiyoyi ke tare hazo da ruwan sama. Shi ya sa sarar itace da gobara suka fi barazana ga manoma a kan ɓacewar ƙanƙarar. A Oktoban 2020 wuta ta tashi a kusa da hanyar Marangu, ta yi kwanaki tana ci, ta ƙone faffaɗan yanki da wasu ɗakunan Horombo kafin ma'aikatan gandu, ɗalibai da mazauna ƙauyuka su shawo kanta. Wata ta sake tashi a Oktoban 2022 a gangaren kudu. An hana hura wutar itace a duk zangunan, da gas ake girki, kuma kowane ayari dole ya sauko da shararsa.